Ranar da Malam Rula Ya Zana Mama

Sannunku da haƙuri, masu bibiyata a wannan shafi. Wata ta rubuto mini ta ce, "Mama Phoebe, kin daɗe kina kewaye-kewaye, ki fito fili ki gaya mana abin da kika yi wa bawan Allahn nan." Ta yi gaskiya. Yau zan faɗa, ko da za ku zage ni. Sababbin zuwa kuma ku matso kusa.

A 1987 ne, a Maiduguri. Shekarata ashirin da huɗu, ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Gidanmu yana Galtimari, ɗaki uku da ɗan tsakar gida da dogonyaro ɗaya. Mu uku ne a ciki: ni, da Babana Wilson, tsohon akawu kuma dattijo a ikilisiyarmu, sai ƙanwarsa Gwaggo Rebeka, wadda ta zo daga Marama zaman makokin Mama shekara huɗu kafin nan, ba ta koma ba.

Sai kuma Manasse.

Manasse Pindar malamin zane ne a wata sakandare, ya yi karatu a Zariya. Dogo ne siriri, kullum da rula a aljihun gaban rigarsa, shi ya sa yaran makaranta da mutanen unguwa suke kiransa Malam Rula. Yana haya a Umarari, a gidan wani dillalin shanu, Alhaji Abakar. Kuma shi zanensa ba mutum, ba doki, ba itace. Daga da'ira, sai murabba'i, sai alwatika, wato mai kusurwa uku ɗin nan, sai layuka miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Allo bayan allo, sun cika ɗakin har ƙarƙashin gado.

Wata takwas muna tare ban taɓa gane ko guda ba.

A lokacin ba wayar hannu. Saƙonsa 'yar takarda ce mai gida-gida irin ta lissafi, yakan biyo da safe a kan kekensa ya soke mini ita a ƙarƙashin murfin tafireta. Ba ya wuce layi biyu. "Phoebe, ƙarfe huɗu. Ki sa shuɗiyar atamfar nan. M." Ƙawayena samarinsu suna rubuto musu shafi huɗu da turare a jiki, ni kuwa ga nawa. Amma sai in tashi in sa shuɗiyar, in ɗaura kallabi, in shiga tasi. Kada ku tambaye ni dalili.

Ranar da na sa shuɗiyar, ya ɗauko wani allo ya jingina a bango, ya koma gefe yana murmushi.

"Ke ce," in ji shi.

Na duba. Rabin da'ira shuɗiya, alwatika uku rawaya suna hawa kan juna, da wani baƙin layi da ya taho kamar zai taɓa da'irar sai ya tsaya.

"Ni?"

"Ke."

"To ina hancina?"

Ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwanin fenti.

"Manasse, da gaske nake. Wanne ne ni a nan?"

"Layin nan. Haka kike yi. Sai ki taho, ki taho, saura kaɗan ki iso, sai ki tsaya."

Na rasa ko yabo ne ko zagi. Na ce na gode. A cikin tasi na yi ta tunani har na wuce mahaɗar gidanmu.

Gwaggo Rebeka ba ta taɓa ganin zanen ba, amma labari ya kai mata. Ranar wata Asabar muna tsince ganyen yakuwa ta ce,

"An ce mutumin naki hatimi yake rubutawa."

"Gwaggo, zane ne."

"Zanen me? Mutumin kirki ya zana Yesu da tumaki, ko ya zana gwamna a rataya a ofis. Wannan kuwa gida-gida kamar na masu duba. Kuma a gidan dillalin shanu yake kwana. Ko dai taɓin hankali, ko wata ƙungiya."

"Yana zuwa sujada kowace Lahadi."

"Shaiɗan ma ya san hanyar coci."

Baba yana kan kujerarsa ta zauna-ka-huta a gindin dogonyaro, rediyo a cinya. Na zaci ba ya ji. Sai ya rage murya ya ce, "Ki ce masa ya zo gobe bayan an taso daga coci."

Manasse ya zo cikin farin kaftani da ya sha guga da hula ƙube, amma ƙasan farcensa duk shuɗin fenti. Na ga idon Gwaggo ya sauka a kan farcen ya zauna. Ya durƙusa ya gaida Baba da yarenmu na Buranci, "Usa, Baba," aka yi tambayar gida da dangi. Na kawo kunun gyaɗa na koma bakin ƙofar kicin na laɓe.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da Littafi Mai Tsarki nasa, ya buɗe tsakiya, ya zaro wani ɗan kati. Nan take na gane shi. Katin zumuntar mata ne na Mama, da ɗan hotonta kamar kan sarki a kusurwa. Shi kaɗai ne hotonta da ya rage mana. Sauran ruwa ya cinye su shekarar da rufin ɗakin Baba ya yaye, wannan ɗin ma ruwan ya taɓa shi: goshi da ido ɗaya suna nan, daga hanci zuwa haɓa kuwa ya zama fari fat.

"An ce kai mai zane ne," in ji Baba.

"Ina taɓawa, Baba."

"Wannan matata ce, Rose. Ka zana mini ita babba, yadda zan rataya. Mako biyu ya ishe ka?"

Manasse ya karɓi katin da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Zan yi iya ƙoƙarina, Baba."

Ba wanda ya ambaci aure, amma kowa a tsakar gidan ya san abin da aka ɗora a kan katin nan.

Washegari ban jira takardarsa ba. Ana tashi daga aiki na nufi Umarari. Na tarar da Alhaji Abakar a zaure, ya dawo daga Kasuwar Shanu, sandarsa a gefe, yana cire takalmi, ya tarbe ni da gaisuwar Barbarci.

"Wushe, wushe, 'yar Wilson! Shiga, mutuminki yana ciki yana faɗa da katako."

Na shiga ko zama ban yi ba.

"Manasse, don Allah, sau ɗaya tak. Ka zana fuska. Na san ka iya. Kai ka ce mini da zanen allunan masu aski ka biya kuɗin karatu."

"Na iya."

"To?"

Ya miƙo mini katin. "Dubi nan. Bakinta fa? Haɓarta fa?"

"Ka dubi nawa. An ce ina kama da ita."

"Sai in zana ki, in ƙara miki shekaru, in ce masa ga matarka? Phoebe, in na ƙirƙiro fuska, wata mata ce daban zan kai masa. Kullum da safe zai tashi ya gaida baƙuwa. Bayan shekara biyu fuskar da ke cikin kansa ma za ta gudu, tawa ta zauna a wurin."

Na mayar masa da katin. Maganar ta shige ni, amma haushi bai bar ni na nuna ba.

"To me za ka kai masa? Gida-gida?"

"Ba ni labarinta. Me take yi da hannunta in ta zauna?"

Na ce ƙwarya. Mama ta iya zanen ƙwarya irin na matan ƙasarmu. Takan sa ɗan ƙarfe mai kaifi a garwashi ya yi ja, ta riƙa ƙona zane a bayan ƙwarya, hayaƙi yana tashi, tana 'yar waƙarta ta coci ƙasa-ƙasa. Har muka dawo birni ba ta daina ba.

Idonsa ya canza. "Akwai su?"

"Suna cikin akwatinta. Ba mai taɓawa."

"Ki aro mini uku. Da zanen da take ɗaurawa na zumuntar mata, in yana nan."

Jama'a, na yi sata a gidan ubana. Ranar Laraba Baba ya tafi taron dattawa, Gwaggo ta tafi kasuwa, na buɗe akwatin ƙarfen nan. Ƙamshin kafur da na hayaƙi suka buge ni, sai da na zauna a ƙasa tukuna. Na naɗe ƙore uku a cikin zanen, na sa a jakar leda, na kai masa.

Daga nan ya hana ni shiga ɗakin. Takardunsa suka ƙara gajarta. "Kada ki zo. M." Bayan kwana uku: "Waƙar da take yi, mai sauri ce ko mai ja? M." Na buga masa amsa a tafireta: mai ja. Wata rana kuma: "Ta taɓa yin ɓari ko rashin ɗa? M." Na ji haushin wannan, na rubuta da biro, "A'a. Ni kaɗai ce. Ka daina tambayar banza."

Sau ɗaya na kasa haƙuri na je. Alhaji Abakar ya tare ni a zaure.

"Ya ce ko ni kada in leƙa. Amma na leƙa."

"Alhaji, yaya yake? Akwai fuska?"

Ya shafa gemu. "Fuska kam babu. Amma ki ji, 'yata. Mu da muka taso a bayan shanu, kowane gida da shaidarsa da ake ƙonawa a cinyar saniya. Layi biyu da ɗan zobe, shi ke nan. Amma in na gan ta ko a Legas ne, na san gidan, na san kakan mai ita, na san rijiyar da suke shayarwa. Ni ban raina layi ba."

Na fito na fi shiga ruɗewa. Dillalin shanu ya gane, ni mai takardar sakandare ban gane ba.

Ranar Lahadin ta zo. Na sa leshi ruwan hoda na Kirsimeti, na cire, na sa atamfa, na sake cirewa na mayar da leshin. Gwaggo ta gayyato ƙawarta Florence, wai ta zo cin abinci, alhali kallo ta zo. Ƙarfe uku sai ga Manasse yana tura keke, allon a ɗaure a baya cikin tsohon zanen gado, ya kai tsawon ƙofar taga biyu.

Ya jingina shi a jikin dogonyaro. Ya fara miƙa wa Baba katin. Sannan ya ajiye jakar leda a gabansa ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ni na sa Phoebe ta ɗauko waɗannan." Baba ya leƙa ya ga ƙoren, ya ɗago ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage.

Manasse ya kwance zanen gadon.

Kalar bayan ƙwarya ce, rawaya mai duhu. A kai, jeri-jeri na ƙananan alwatika baƙaƙe kamar ƙuna, suna zagayawa, zobe cikin zobe, har tsakiya. Ta gefe ɗaya wani faffaɗan layi mai kalar zanen zumunta ya ratso a hankali ya fita ta ƙasa. A cikin jerin kuma, nan da can, akwai gurbin da bai shafa wa komai ba, katakon ne tsirara.

"Yesu Mai Ceto!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wilson, ka gani? Ka gani da idonka? Ka ba shi matarka ya mayar maka da faifai!"

Florence ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Ko gamawa bai yi ba," in ji Gwaggo. "Dubi ramuka."

Ni dai ina tsaye da tiren ruwa. Ina neman Mama a ciki, Allah ya sani na nema. Wani abu yana motsi a ƙirjina kamar na san wurin, amma idona bai ga kowa ba.

Baba ya tashi. Ya sa tabarau. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ɗora yatsa a jerin waje yana bi, leɓensa yana motsi. Ya kai gurbi ya tsaya. Ya ci gaba, ya sake kai wa wani gurbin ya tsaya. Ya sauka jeri na biyu. Tsakar gida ta yi tsit, har Gwaggo.

Bai juyo ba ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa, Baba."

"Na ce wa ya gaya maka tana tsallake na bakwai?"

"Ƙirgawa na yi. A ƙoren duka uku, ta ƙona shida ta bar ɗaya. Ko'ina. Da na zaci kuskure ne, sai na ga mai hannu irin nata ba ta kuskure sau ɗari a wuri ɗaya. Ban san dalili ba. Na bar shi yadda ta bari."

Baba ya sauke yatsansa daga kan zanen. Ya sunkuya ya ɗauki allon shi kaɗai, Manasse ya yunƙura zai taimaka, Baba ya ce, "Bari." Ya kai bakin ƙofar ɗakinsa, ya tsaya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba,

"Tashi ka tafi gida."

Ya shiga ya rufe.

Gwaggo ta tafa hannu. "To, ka ji. Sai a kama hanya." Manasse ya naɗe zanen gadonsa a hankali, ya dube ni. Na kawar da kai. Ban raka shi ko zaure ba. Ina riƙe da tire kamar an dasa ni.

Kwana uku Baba bai yi maganar ba. Yana fitowa ya ci abinci ya koma. Rediyo ma bai kunna ba. Gwaggo kuwa har ta fara yi mini tallar wani Simon, ɗan ƙawarta mai aikin banki. Ni kuma kowace safiya in ɗaga murfin tafireta, ba takarda. Na yi fushi da shi, na yi fushi da Baba, na yi fushi da Mama ma da ta bar ramuka a ƙwarya ba ta gaya wa kowa ba. Wani lokaci kuma, ku ji gaskiya, sai in ji wani sanyi-sanyi a raina, kamar an sauke mini kaya. Wannan sanyin ya fi komai ba ni tsoro.

Ranar Laraba da safe ina ɗaura kallabi Baba ya kira ni ɗakinsa. Allon yana rataye a bangon da ke fuskantar gadonsa. Ya cire kalandar coci ya sa shi a wurin.

"Zauna, Phoebe."

Na zauna a bakin tabarma.

"Kina da wa. Kafin ke, muna ƙauye. Kwana shida ya yi. A rana ta bakwai, da za a kai shi a sa masa albarka a raɗa suna, da shi muka wayi gari a sanyaye." Ya cire tabarau ya goge. "Uwarki ba ta sake ambatonsa ba, ni ma haka. Rebeka ta san an yi yaron, amma ba ta san na ƙwarya ba. Ni kaɗai na lura. Ban taɓa ce mata na lura ba. Shekara ashirin da biyu ina kallon tana tsallakewa, ban ce mata komai ba."

Hawaye suka zubo mini. Na tuna amsar da na rubuta wa Manasse da biro.

"Na kore shi ne don kada in yi kuka a gaban baƙo," in ji Baba. "Ki ce masa ya turo manyansa. Ni ba ni da ja." Ya dube ni sosai. "Amma ke nake tambaya. Mutumin da ya ga wannan a bayan ƙwarya, ba abin da za ki ɓoye masa. Zama da irinsu ba sauƙi. Kina so?"

Na buɗe baki. Wata takwas ina cewa a raina Baba ne matsala, Gwaggo ce matsala. Yanzu an buɗe ƙofa, an ce wuce.

"E, Baba," na ce. Muryar kamar ta wata.

Ban je ofis ba. Na shiga tasi zuwa Umarari da rigar aiki, farar shat da baƙin siket, ina ta maimaita yadda zan faɗa masa. Zauren ba kowa. Ƙofar ɗakinsa a buɗe.

Alluna duk an sauke su, an jera, an ɗaure da igiya bibbiyu da tsumma a tsakani. Gado ba katifa. Manasse yana durƙushe yana ɗaure wani kwali, yana fito da baki. Fito, jama'a. Ban taɓa jin yana fito ba.

Ya gan ni ya miƙe. "Phoebe. Da yamma nake shirin zuwa ofishinku."

"Ina za ka?"

Ya ɗauko wata wasiƙa daga aljihu, bayan rular. Wani gidan nuna zane ne a Legas. Tun watanni biyu suka rubuto suna so ya kawo aikinsa, ya zauna ya yi aiki tare da su shekara guda, wataƙila fiye.

"Ban gaya miki ba don na yanke ba zan je ba," in ji shi. "Amma ranar Lahadi Baba ya kore ni, ke kuma ko kallona ba ki yi ba. Litinin na buga musu waya daga gidan waya, na kai takardar ajiye aiki. Jirgin ƙasa na gobe Alhamis zan bi."

Kwana ɗaya. Kwana ɗaya tak ya jira.

Na dubi fuskarsa. Akwai baƙin ciki, ban ce babu ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani haske da ban taɓa gani ba ko ranar da na sa shuɗiyar atamfa. Na san in na faɗi gaskiya zai kwance igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya koma aji, ba zai taɓa yi mini gori ba. Na kuma san ina so ya ce zai je ya durƙusa wa Baba ko sau goma ne. Ina so ya tafi, ina so ya zauna, ina so in mare shi saboda fiton nan. Duk a lokaci ɗaya.

"Baba ya yi magana?" ya tambaya a hankali. "Me ya ce?"

Shekaru masu yawa na yi ina juya wannan minti ɗin, har yau ban san daga ina amsar ta fito ba.

"Ya ce a'a."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, irin duban da yake yi wa allo, har na tabbata ya gano ni. Na jira ya ce ƙarya kike. Na roƙi Allah ya ce.

"To," in ji shi. Ya durƙusa ya ja igiyar ya ƙulle.

Ban san yadda na iso Galtimari ba. Na tarar da Baba a gindin dogonyaro, ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, rediyo yana ta kiɗa. Gwaggo tana gefe ta kumbura fuska tana tsince shinkafa, alamar an riga an gaya mata. A jikin turken ƙofar kicin kuwa ga wani jan bunsuru na tarbar baƙi a ɗaure, yana cin ɓawon wake.

Baba ya rage rediyo, fuskarsa a sake irin yadda ban gan ta ba tun rasuwar Mama.

"Kin same shi?"

"Na same shi, Baba."

"Madalla. Yaushe manyan nasa za su zo?"

Na dubi bunsurun, na dubi Baba.

"Asabar," na ce.